FADA TOMA PEREIRA: TAFINTAN DA YA SHIGA TSAKANIN SIN DA RASHA

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani firist wanda ba ya cikin jerin waliyyai, ba shi kuma da ranar idi a kalandar Ikkilisiya. Bai mutu shahidi ba, bai kafa wata ƙungiyar masu alkawari ba. Abin da ya sa masana tarihi ba su manta da shi ba shi ne aikin tafinta da ya yi na 'yan makonni a shekarar 1689, a wani gari mai sanyi can ƙuryar Siberiya, inda manyan dauloli biyu, Sin da Rasha, suka zo gab da gwabza yaƙi, sa'an nan suka rabu da takardar sulhu a hannu. Sunansa Fada Toma Pereira, ɗan ƙasar Fotugal, na Ƙungiyar Yesu, wato waɗanda muke kira 'yan Jezuwit.

An haife shi wajen shekarar 1645 a wani ƙauye mai suna São Martinho do Vale, a yankin Braga da ke arewacin Fotugal. Ya shiga Ƙungiyar Yesu a Coimbra a 1663. Bayan shekara uku, a 1666, ya hau jirgin ruwa zuwa Indiya, ya ci gaba da karatunsa a Goa, daga can ya zarce Makawo, tashar jiragen ruwa da mutanen Fotugal suke riƙe da ita a gaɓar ƙasar Sin. Bai sake ganin ƙasar haihuwarsa ba.

Kiɗa ne ya kai shi fadar sarki. A lokacin, Sarki Kangshi ne a kan gadon mulkin Sin, saurayi ne wanda bai cika shekara 20 ba, mai ƙishirwar sanin kowane irin ilmi. A fadarsa akwai wani Jezuwit ɗan Beljiyam, Fada Ferdinand Verbiest, wanda yake shugabantar ofishin ilmin taurari da lissafin kalanda. Shi ne ya gaya wa sarki cewa akwai wani matashin firist a Makawo wanda ya gwanance a kiɗa. Sarki ya aika a ɗauko shi. Pereira ya iso Bejin a farkon shekarar 1673, aka raɗa masa sunan Sinanci, Xu Risheng, ya zauna a birnin kusan shekara 36.

Akwai wani labari da 'yan'uwansa firistoci suka rubuta, wanda yake nuna irin kunnen da Allah ya ba shi. Wata rana sarki ya kaɗa wani sautin gargajiya na ƙasarsa. Pereira yana saurare yana rubutawa da alamun kiɗa na Turawa, da sarki ya gama sai ya maimaita masa sautin ba kuskure, kamar wanda ya daɗe da saninsa. Sarki ya yi mamaki ƙwarai, ya sake gwada shi da wasu sautuka, aka sami haka nan. Daga baya Pereira ya ƙera ogan a majami'ar Kudu ta Bejin, da babban agogo mai ƙararrawa da yawa wanda yake kaɗa sautukan ƙasar, har jama'a suna taruwa su ji. Ya kuma rubuta littafi da Sinanci a kan ƙa'idodin kiɗan Turai. Mun tsaya a kan wannan ne domin kunnen da yake kama sauti sau ɗaya ya mayar da shi yadda yake, shi ne jarin tafinta. A waɗannan shekaru kuwa ya koyi Sinanci da harshen Mancu, ya kuma koyi abin da ya fi harshe wuya, wato halin mutanen fada: wa ake gaisarwa da fari, yaushe ake magana, yaushe ake yin shiru.

To, mene ne ya haɗa Sin da Rasha faɗa? Gidan sarautar Kangshi ba Sinawan asali ba ne, 'yan kabilar Mancu ne daga arewa maso gabas, waɗanda suka ci Bejin a 1644. Bayan ƙasarsu ta gado akwai babban kogi mai suna Amur. Tun wajen 1650 mayaƙan Rasha da ake kira Kosak suka fara gangarowa kwarin wannan kogi suna neman fatun namun daji masu laushin gashi, waɗanda suke da tsada ƙwarai a kasuwannin Turai. Suna tilasta wa kabilun wurin biyan gandu da fatu, alhali sarkin Sin yana ɗaukar waɗannan kabilu talakawansa. Rashawa suka gina ganuwa a wani wuri mai suna Albazin. A 1685 rundunar Sin ta ci Albazin ta ƙone ta. Da rundunar ta juya, Rashawa suka komo suka sake ginawa. A 1686 aka sake kewaye ta, mutum fiye da 800 suna ciki, mafi yawansu suka mutu, wasu da harbin igwa, da yawa kuma da cutar da rashin abinci mai kyau take kawowa.

Duk da haka, ba wanda yake son dogon yaƙi. Mosko tana da nisan tafiyar watanni da yawa daga Amur, ga kuma rigimarta da Turkawa a kudu. Shi kuwa Kangshi idonsa yana kan wani sarkin yaƙin Mongol mai suna Galdan, wanda ƙarfinsa yake ƙaruwa a yamma, babban tsoronsa shi ne kada Galdan ya haɗa kai da Rasha. Saboda haka aka amince a zauna. Matsalar ita ce da wane baki za a yi magana. Babu babban ɗan fadar Sin da yake jin Rashanci sosai, babu jakadan Rasha da yake jin Mancu. Akwai masu jin harshen Mongol a kowane ɓangare, amma iyawarsu ba ta kai a rataya iyakar ƙasa a kanta ba. Harshen da ya rage shi ne Latin, harshen da aka yi ɗaruruwan shekaru ana miƙa hadayar Misa da shi, wanda har yau ɗaliban seminari suke kokawa da nahawunsa. Tun a 1676, lokacin da wani jakadan Rasha ya zo Bejin, da Latin Fada Verbiest ya yi masa tafinta. Verbiest ya rasu a watan Janairu na 1688, nauyin ya faɗo a kan Pereira. Aka haɗa shi da wani Jezuwit ɗan Faransa, Fada Jean-François Gerbillon, wanda bai daɗe da isowa Bejin ba. Sarki ya ba su muƙami da tufafin girma, ya umarci jakadunsa su ci abinci tare da su, su kuma yi shawara da su.

Tafiyar farko a 1688 ba ta kai ko'ina ba. Galdan ya auka wa Mongol na gabas, hanya ta cika da 'yan gudun hijira, tilas ayarin ya juyo. Aka sake shiri a shekara mai zuwa, aka zaɓi garin Nercinsk, wanda yake hannun Rasha. Ayarin ya bar Bejin a tsakiyar watan Yuni na 1689, ya ratsa hamada da fadamu da koguna, ya isa a ƙarshen Yuli. Shugabannin tawagar Sin manyan mutane ne biyu: Songgotu, baffan marigayiya matar sarki, da Tong Guogang, kawun sarki. Jakadan Rasha shi ne Fyodor Golovin, tafintansa na Latin kuwa wani ɗan Folan ne mai suna Andrei Bielobocki. Sojojin da suka rako tawagar Sin, ta ƙasa da ta kogi, sun ninka na Golovin sau da yawa.

Aikin tafintocin ya fara tun kafin a buɗe baki a kan iyaka. Jakadun Sin ba su taɓa zama da wata daula a matsayin tsara ba. A al'adar fadarsu, baƙon da ya zo daga wata ƙasa mai kawo gaisuwa ne, sai ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Ga shi yanzu za su ƙetare kogi su zauna kusa da ganuwar abokan gaba, suna tsoron tarko. Pereira ya sha wahala kafin ya shawo kansu. Ya bayyana musu cewa Rashawa mutane ne masu sarki da doka, kuma a cikin al'ummai akwai ƙa'idar da ta hana a taɓa jakada. Aka daidaita cewa kowane ɓangare zai zo da dogarai daidai wa daida, aka kafa tantuna biyu gab da juna a fili, yadda ba wanda zai ce shi ne ya je wurin wani. A ranar 22 ga Agusta aka yi zaman farko.

Ku dubi yadda magana take tafiya a wannan zama. Songgotu zai faɗi abu da Mancu. Firistocin su juya shi zuwa Latin. Bielobocki ya juya Latin zuwa Rashanci domin Golovin. Amsa kuma ta biyo wannan hanya ta komo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Fada yana juya wa'azi daga Turanci zuwa Hausa, ko daga Hausa zuwa yaren gida, ya san yadda kalma ɗaya takan zame a hanya, ya kuma san jarabar gyara maganar mai magana. A majami'a idan katikis ya zame, a gyara mako mai zuwa. A Nercinsk kuwa igwa tana ɗure a kowane gefe.

Zaman farko da na biyu ba su haifi kome ba. Golovin ya nemi kogin Amur ya zama iyaka. Jakadun Sin suka ce Rasha ta koma can bayan tafkin Baikal, ta bar musu har Nercinsk ɗin da ake zaune a ciki. Tsakanin buƙatun biyu akwai ƙasa mai faɗin gaske. Rashawa suka fara zargin firistocin da ƙara gishiri, suka nemi a koma magana da harshen Mongol domin su ji daga bakin jakadun kai tsaye. Firistocin suka ƙi, suka tsaya a kan cewa su ne sarki ya naɗa tafintoci. Zama ya watse, jakadun Sin suka sa aka fara kwance tantuna.

Daga nan manyan ba su sake zama fuska da fuska ba sai ranar sa hannu. Kusan mako biyu firistocin nan biyu ne suke kai da kawowa, su ƙetare kogi zuwa wurin Golovin, su komo sansanin Sin. A nan aikinsu ya wuce na juya kalmomi, ya zama na masu shiga tsakani. Sukan gane abin da kowane ɓangare zai iya haƙura da shi amma girman kai ya hana shi furtawa a gaban jama'a. Sun san sarki ya riga ya ba jakadunsa izinin barin Nercinsk a hannun Rasha idan ta kama. Sun kuma fahimci cewa Golovin zai iya sakin Albazin, muddin ba a nuna an ƙwace ta daga hannunsa ba. Sai suka yi ta matso da ɓangarorin biyu, yau a ambaci wannan kogi, gobe wancan dutse. A wajen Sinawa suna kwantar da zuciya, suna tuna musu cewa komawa Bejin hannu wofi ba zai gamshi sarki ba. A wajen Rashawa suna nuna musu iyakar abin da za su iya samu.

Kada mu ɓoye abin da ya faru a tsakiyar wannan kai da kawowa. Da magana ta cije, jakadun Sin suka ƙetarar da sojojinsu kogi, suka tsaya a kan duwatsun da suke kewaye da Nercinsk, wasu kabilun wurin da suke jin haushin Rasha kuma suka fara komawa bayansu. Golovin ya shirya mutanensa domin kare gari. Dare ɗaya ya rage a yi ta. Wannan barazana tana cikin abin da ya sa Golovin ya sassauta, shi ya sa marubutan Rasha da yawa daga baya suka ce an yi sulhun ne da takobi a wuya, su kuwa na Sin suna lissafa shi a cikin yarjejeniyoyin da aka yi tsakanin tsara da tsara. A ganinmu, hikimar tafinta kaɗai ba ta kawo wannan sulhu ba. Amma da ba a sami mutanen da ɓangarorin biyu za su bari su shiga tantinsu a wannan dare ba, da wuya a ce ba a zubar da jini ba.

A farkon watan Satumba aka sa hannu. A lissafin Rashawa, waɗanda suke bin tsohuwar kalanda mai bambancin kwana 10, ranar 27 ga Agusta ce. Aka sa kogin Argun da kogin Gorbitsa da jerin duwatsun Stanovoy su zama iyaka. Aka yarda a rushe Albazin, mutanenta su koma ƙasar Rasha da kayansu. Wani yanki kusa da kogin Uda da aka kasa daidaitawa a kansa, aka bar shi sai wani lokaci. Fatake masu takardar izini za su iya shiga kowace ƙasa su yi ciniki. Waɗanda suka riga suka gudu zuwa ɗaya ƙasar kafin sulhu za su zauna inda suke, amma wanda ya gudu bayan haka za a mayar da shi. Akwai kuma sharaɗin da muke gani ya fi sauran hikima: idan wasu 'yan tsiraru suka ƙetare iyaka suka yi sata ko kisa, za a hukunta su a kan laifinsu, ba za a mai da laifin mutum ɗaya dalilin yaƙi tsakanin ƙasashe ba. An rubuta takardar da Mancu da Rashanci da Latin, amma ta Latin ce aka buga wa hatimin ɓangarorin biyu, ita ce abin dogara. Wannan ita ce yarjejeniya ta farko da Sin ta ƙulla da wata daular Turai.

Shin tafintocin nan ba su da nasu buri? Suna da shi, kuma ya kamata mu faɗa. Bayin sarkin Sin ne, albarkacinsa suke ci, ba su kuwa ɓoye wa Golovin haka ba. Suna fatan idan sarki ya ji daɗin aikinsu zai sakar wa masu bi mara. Ƙungiyarsu kuma ta daɗe tana neman hanyar ƙasa ta cikin Siberiya, domin tafiyar teku tana cinye masu mishan da yawa kafin su isa. Wannan buri na biyu bai cika ba. A wannan shekara ta 1689 aka kori 'yan Jezuwit daga Mosko, hanyar Siberiya kuwa ba a buɗe musu ba. Akwai kuma wani abin da yake ba mu dariya kaɗan: Pereira da Gerbillon kowannensu ya rubuta labarin tafiyar, kowanne kuma a nasa labarin shi ne ya fi ɗaukar nauyin aikin. Na Gerbillon ya fito a Faransa tun 1735, saboda haka aka daɗe ana ba shi yabo mafi yawa. Na Pereira ya kwanta a ma'ajiyar takardun ƙungiyar a Roma, sai a 1961 Fada Joseph Sebes ya buga shi. Dama tsakanin Pereira da firistocin Faransa ba a cika jituwa ba, domin shi mai kishin haƙƙin sarkin Fotugal ne a kan mishan na gabas, su kuwa sarkin Faransa ne ya aiko su. Mutumin da ya sulhunta dauloli biyu ya sha fama wajen zama lafiya da 'yan'uwansa na ƙungiya ɗaya.

Buri na farko kuwa ya cika. A 1691 mai mulkin lardin Zhejiang ya tasar wa masu bi a birnin Hangzhou, inda tsohon firist Fada Prospero Intorcetta yake aiki. Firistocin Bejin suka kai kuka wurin Songgotu, wanda bai manta da abin da aka yi masa a Nercinsk ba. Pereira da Fada Antoine Thomas suka miƙa wa sarki takardar roƙo a farkon 1692. Majalisar da take kula da al'adu da ibada ta ƙi da fari. Songgotu ya tsaya a gabanta ya yi magana, aka sake duba batun. A ranar 22 ga Maris 1692 aka fitar da dokar da ta ba da izinin bin addinin Kirista a ƙasar Sin, ta kuma hana a taɓa majami'u. A cikin dalilan da dokar ta ambata akwai gyaran kalanda, da ƙera igwa a lokacin tawaye, da hidimar da Turawan suka yi wajen sulhu da Rasha. Daga wannan shekara har 1695 Pereira ne yake shugabantar 'yan ƙungiyarsa na mishan ɗin Sin.

Shekarunsa na ƙarshe masu ɗaci ne. Gardama ta daɗe a cikin Ikkilisiya a kan ko ya halatta mai bi ɗan Sin ya yi al'adun girmama kakanni da malaminsu Kwamfushiyas, da kuma wace kalmar Sinanci ta dace a kira Allah da ita. A gindinta wannan ma gardamar fassara ce. 'Yan Jezuwit suna ganin al'adun na ladabi ne da zumunci, wasu masu mishan suna ganin bauta ce. A 1704 Paparoma Kilement na 11 ya yanke hukuncin hana su, ya kuma riga ya aiki jakada, Charles de Tournon, wanda ya iso Bejin a watan Disamba na 1705. Ganawarsa da sarki ba ta yi daɗi ba. Tournon ya ɗora wa Pereira laifi mai yawa, yana ganin shi ne yake ɓata shi a wurin sarki. A ƙarshen 1706 sarki ya ba da umarni cewa duk mai mishan da yake son zama a ƙasar sai ya karɓi takardar izini, ya kuma yi alkawarin bin hanyar Fada Matteo Ricci. A 1707 Tournon ya fitar da nasa umarni daga Nanjing wanda ya saɓa wa na sarki. Pereira ya tsinci kansa tsakanin sarkin da ya yi wa hidima fiye da shekara 30 da wakilin Paparoman da ya yi wa alkawarin biyayya, a wannan karo kuwa ba a sami kogi ko dutsen da za a sa iyaka ba. Sai a 1939, a zamanin Paparoma Piyus na 12, Roma ta sassauta wannan hukunci.

Abokan tafiyarsa sun riga shi. Tong Guogang ya mutu a yaƙi da Galdan a 1690. Songgotu ya faɗi daga tagomashin sarki, ya mutu a tsare a 1703. Golovin ya zama babban mai kula da harkokin waje na Sarki Bitrus Mai Girma, ya rasu a 1706. Gerbillon ya rasu a Bejin a 1707. Fada Toma Pereira ya cika a ranar 24 ga Disamba 1708, jajiberin Kirsimeti, aka binne shi a maƙabartar Zhalan ta Bejin, inda aka binne Ricci da Verbiest. Sarki Kangshi ya aiko da saƙon girmamawa domin jana'izarsa. Dokar izinin 1692 ba ta yi tsawon rai ba, domin a 1724 magajin Kangshi ya haramta addinin. Iyakar da aka shata a Nercinsk kuwa ta tsaya kusan shekara 170, har yarjejeniyar Aigun ta 1858 da ta Bejin ta 1860, lokacin da Rasha ta karɓe ƙasar da take arewacin Amur da gabashin kogin Ussuri.